Fulamba ya ce a fasa bango a canza faif ɗin gida gaba ɗaya, in yarda ko akwai abin da zan duba tukun?

Ɗan Zangon Agege:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin harkar famfo da gini a taimaka min da shawara. Gidan mahaifinmu ne Allah ya jiƙansa nan Agege, bene hawa ɗaya, tun wajen 1978 aka gina shi, mu muna sama 'yan haya suna ƙasa, kuma ni ne babba shi yasa duk abin da ya lalace ƙofata ake bugawa. Ruwanmu na bohol ne, sumo, wato injin da ke cikin bohol ɗin, ke tura shi tankin sama mai lita 2000 daga nan ya sauko gida.

Abin da ke faruwa, ruwa a sama ya zama sai a hankali, shawa kam mun manta da ita sai bokiti, da asuba in ka buɗe famfo za ka yi alwala ja yake fitowa, bangon ɗakin wani ɗan haya a ƙasa ya jiƙe fenti sai ɓarewa yake har mutumin ya fara maganar a rage masa kuɗin haya, sannan wanda ya fi damuna a cika tanki da magariba kafin gari ya waye ya kusa rabi alhali kowa bacci yake, ga wuta ba kullum ba ga fetur ɗin janareta kun san yadda yake, wataran sai mun tare mai kura mun sayi jarka muna da bohol a tsakar gida. Na kira fulamba, zagaye ɗaya ya yi ya ce faif ɗin ƙarfe ne duk sun mutu, a fasa bango a cire a sa na roba gidan gaba ɗaya. Kuɗin da ya faɗa sai da na nemi wajen zama. Kuma kuɗin magada ne, ƙannena sai sun tambaye ni ba'asi. Akwai yadda zan tabbatar faif ɗin ne kafin a ɗora guduma a bango?

Mai Famfo Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Malam kar ka bari a taɓa bango yanzu. Ba wai na ce fulambanka ƙarya yake ba, gidan 1978 mai faif ɗin ƙarfe zai yi wuya a ce lafiyarsa ƙalau, amma abu huɗu ka lissafa kuma kowanne yana iya zama da nasa dalilin daban, sau da yawa a canza faif kaf a kashe kuɗi a dawo tanki na ci gaba da zurarewa kamar ba a yi komai ba.

Fara da tankin tunda shi ke cin maka fetur. Cika shi da dare, ka kashe sumo, ka rufe bawul ɗin da ke gindin tanki wanda ruwa ke fita ta nan, ka sa sanda a ciki ka yi alama inda ruwa ya tsaya. Da safe in ya ragu to tankin ne da kansa ke yoyo, ka duba wajen da aka ɗaura soket ɗin fita, nan suka fi tsagewa. In bai ragu ba, dare na biyu ka bar bawul ɗin a buɗe amma ka roƙi kowa ya ɗebi ruwansa tun da wuri kar a taɓa famfo har asuba, ka gaya wa 'yan hayar da bakinka don in mutum ɗaya ya tashi ya yi wanki da tsakar dare ya ɓata maka gwajin. In ya ragu yanzu ka san ruwan a cikin gida yake tafiya. Sai ka bi layi layi, in akwai bawul da ya raba sama da ƙasa ka rufe na ƙasa dare ɗaya ka ga, gobe ka rufe na sama. In babu bawul ɗin raba layi to wannan ne aikin farko da za ka biya fulamba ya yi, guda biyu ko uku kawai, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Kuma tunda Agege ne ka binciki wani abu. Gidajen wancan lokacin da yawa da ruwan gwamnati aka gina su, ai ga Iju nan kusa da ku, tun 1915 ake tace ruwa a wurin. Da aka koma bohol masu aiki da yawa haɗa tanki kawai suka yi da tsohon layin gidan ba su toshe wanda ya shigo daga titi ba, sun dai murɗa tsohon bawul sun tafi. Bawul ɗin in ya tsufa ba ya riƙewa, sai ruwan tankinka ya riƙa komawa ta tsohon faif yana tafiya ƙarƙashin ƙasa, ba za ka ga ko ɗigo a cikin gida ba. Ka nemi inda tsohon layin ya shigo, galibi kusa da get ko gefen kwata.

Maganar ƙarfin ruwa a sama kuma, tambaya ta farko, da can yana da ƙarfi ya ragu ne ko tun da aka sa tankin haka yake? Don ruwan tanki tsayi ne ke ba shi ƙarfi, kowane mita 10 na tsayi shi ke ba da 'bar' ɗaya a ma'aunin matsin ruwa, in gindin tankinka mita 2 kawai ya ɗara kan shawar sama ko sabon faif ka sa ba za ta yi wani abin kirki ba. In kuma da yana da ƙarfi, samo bokitin fenti mai lita 20 da agogon waya, ka auna minti nawa kowane famfo ke ɗauka ya cika shi, ka rubuta. Sannan ka kwance kan famfon da ya fi rauni gaba ɗaya ka bar ruwa ya fito ta bakin faif tsirara ka sake aunawa. Wallahi sau tari za ka ga ruwa ya yi tsalle, ashe 'yar rariyar bakin famfo ce ko ƙaramin bawul na ƙarƙashin sinki ya cushe da ɓarɓashin tsatsa. In ka cire kai amma har yanzu tsiyaya yake to nan ne za a fara zargin faif. Akwai kuma iska, tunda tankinku na yawan ƙarewa iska na shiga layi ta maƙale, alamarta famfo ya riƙa tari yana tofar da ruwa.

Daga ƙarshe ka sa a kwance yuniyan ɗaya, wato mahaɗin faif biyu mai zare, a inda faif yake a fili, a zaɓi wanda ke kwance ba na tsaye ba, kusa da elbo wato inda faif ya lanƙwasa, don nan tsatsa ta fi taruwa, ka haska tocila ka leƙa da idonka. Faif rabin inci da ya mutu za ka ga cikinsa ya yi ƙuraje ja ramin da ya rage ko biro ba zai shiga ba. In ka ga haka ba sai wani ya gaya maka ba. Amma ka tanadi sabon yuniyan da ɗan guntun faif kafin a kwance, tsohon zare yana iya marmashewa a hannun mai sufana ku kwana babu ruwa.

Maman Ikram Mile 12:

Yaya kafin ka je neman layin ƙarƙashin ƙasa ka leƙa masai na zamani in kuna da su. Mu namu tankin haka ya riƙa yi, ashe robar cikin tankin masai ɗaya ce ta saki ruwa na silalewa cikin kwanon dare da rana ba ƙara ba komai, irin wannan a yini yana iya shan ɗaruruwan lita. Ka zuba bula ta wanki a cikin ɗan tankin kar a ja ruwa, ka dawo bayan minti 20, in ka ga shuɗi a cikin kwanon to ga ɓarawonka nan. Kowane banɗaki ka yi masa har na 'yan haya, su ba za su faɗa maka ba tunda ba su ke sayen fetur ba.

Jan ruwa kuma kar ka ɗora wa faif laifi kai tsaye, ruwan bohol a wurare da yawa a Legas da sinadarin ƙarfe a cikinsa yake fitowa daga ƙasa. Ka tari ruwa a farin bokiti tun daga bakin sumo kafin ya shiga tanki, za ka ganshi garau, ka ajiye shi a buɗe zuwa yamma, in ya juya ya yi ruwan ɗorawa ko ya kwantar da ja a gindi to daga ƙasa ne, ko faif ɗin zinare ka sa fararen kayanku sai sun yi ja, maganinsa tacewa. In kuma na bokitin ya zauna fari tas amma na famfo ja da asuba sai ya ɗan zuba ya washe, wannan kam tsatsar faif ce da ta kwana a ciki. Sannan yaushe rabon ku wanke tankin? ka sa yaro ya leƙa gindinsa ka sha mamaki.

Bakanon Ebute Metta:

Ni fa ina da ja a maganar nan. Duk gwaje-gwajen nan da kyau amma mu faɗi gaskiya, faif ɗin ƙarfe mai rufin tutiya shekara 40 zuwa 50 ake ba shi, a Legas ma ga iskar teku mai gishiri ga ruwan bohol mai tsami da ke cin ƙarfe, naka ya haura 45. Ko ka gano masai ne ke shan ruwa yau, baɗi wani wuri zai ɓalle, ka gyara nan can ya fashe, kuɗin faci sai ya fi na canji. Ni a nawa ganin ka fara tara kuɗin canji kawai.

Inda ban yarda da fulambanka ba shi ne fasa bango. Me za a fasa? A nan unguwarmu gidaje tsofaffi ne wasu tun zamanin Turawa, abin da ake yi a yanke tsohon layi a toshe a bar shi a cikin bangon ya ci gaba da baccinsa, a ja sabon faif ɗin roba na PPR ta bayan gini, a huda a shiga daidai banɗaki da kicin kawai. Ba tayil da za a fasa sai kaɗan, gobe in ya yi yoyo kana ganinsa. Sai dai a rufe shi ko a shafa masa fenti don rana na cinye roba.

Wani abu kuma da ba a faɗa ba, ka ɗauki maganaɗisu ka kanga a jikin faif ɗin, in ya kama ƙarfe ne. In bai kama ba kuma ka kankare da wuƙa ka ga yana da laushi yana ƙyalli to darma ce, ana samunta a gidajen da suka tsufa sosai, wannan babu wani gwaji cirewa ake yi saboda guba ce musamman ga yara. Gidan 1978 da wuya ka samu amma dubawar ba ta cin kuɗi.

Birkila Alaba Rago:

Alhaji ni bangon zan yi magana a kai don shi ne aikina. Jiƙar bango a ƙasan bene a garin nan ba kullum faif ba ne, ƙasar Legas ruwa a kusa yake, kuma gine-ginen da da yawa ba a shimfiɗa musu leda a fandisho ba, sai bulo ya riƙa tsotso ruwa daga ƙasa yana hawa. Ka je ɗakin ka tsaya ka kalla da kyau. In jiƙar ta yi layi a miƙe daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, ba ta cika wuce mita 1 ba, ga farin gishiri yana fitowa filasta na zama gari in ka shafa, kuma har bangon da babu faif a cikinsa ya yi, wannan daga ƙasa ne, ka canza faif ɗin Agege duka ba zai bushe ba. In kuma tabo ne a wuri ɗaya, ya fi jiƙa a tsakiya yana bajewa, ko daga sama yake gangarowa, sai ka duba me ke bayan bangon ko samansa.

In banɗaki ne a saman ɗakin ku daina wanka a cikinsa na 'yan kwanaki amma ku bar ruwa a layi. In tabon ya fara bushewa ba faif ɗin kawo ruwa ba ne, ruwan wanka ne ke bi ta tsakanin tayil ko ta bakin rariyar ƙasa ya ratsa dakin, wato kankaren da ya raba sama da ƙasa. In bai fasa jiƙa ba sai a rufe layin da ya bi ta nan a gani. Ka lura kuma ko da damina yake ƙaruwa, daga Afrilu zuwa Yuli, ya ja baya lokacin hunturu, yoyon faif bai san damina ba bai san rani ba. Ka duba bututun ruwan AC ma in akwai, na sha ganin wannan.

Kuma don girman Allah in ma za a fasa kar ka bar yaran fulamba su sa kurfi a jikin fila ko bim, wato ginshiƙan kankare masu riƙe da ginin, bulo kawai. Suna sara har sai rodi ya fito su tura faif su shafe da siminti, ginin da ya shekara haka ruwa ya riga ya taɓa rodinsa. Ba mu manta benen Ita Faaji da ya rufta a 2019 da yara 'yan makaranta a ciki ba. In ka ga filasta ta kumbura a jikin fila, ko tsaga mai jan tsatsa a ƙasan kankaren dakin, bar maganar famfo tukun ka kira injiniya ya duba.

Sokawe kuma ina take da bohol ɗinku? ana so a ba da tazara kamar mita 15 zuwa 30 amma filayen Legas ka san yadda suke. Ka buɗe murfin camba, wato ɗan ramin da ruwan datti ke bi kafin ya shiga sokawe, ka leƙa, in a cike take ruwa tsaye to gaba ne ya toshe ko sokawen ta cika, ita ma tana jiƙa gindin bango, kuma in tana kusa da bohol tana iya gurɓata ruwan sha, ga abin da kwalara ta yi a garin nan a 2024.

Ɗan Zangon Agege:

Jama'a Allah ya saka da alheri, na dawo da bayani. Tanki lafiyarsa lau, da na rufe gindinsa ko yatsa bai ragu ba. Hajiya Maman Ikram bularki ta yi aiki, masai ɗaya a ƙasa shuɗi ya fito tun kafin in bar wajen, an canza robar. Amma duk da haka tanki bai daina raguwa ba sai da muka tono gefen get kamar yadda Oga Mai Famfo ya ce, muka samu tsohon layi da bawul ɗinsa ya ci tsatsa, na kanga sukundireba a jikinsa na sa kunne a ƙotar ina jin ruwa na wucewa shuuu alhali duk famfunan gida a rufe. An yanke an sa masa murfi, jiya tanki ya kwana yadda na bar shi.

Ruwan bokiti bai juya ba har dare, don haka jan na faif ne. Mun kwance yuniyan a layin da ya hau sama, gaskiya cikinsa ba kyan gani, ramin kaɗan ya rage, amma na ƙasa da muka buɗe da sauƙi sosai kuma ashe wani ɓangaren ma an taɓa canza shi zuwa roba tun Baba na da rai. Bango kuma Malam Birkila layi ne a miƙe daidai gwiwa har da gishirin, ya zagaye ɗakin har ɓangaren da ba ruwansa da banɗaki. Yanzu shawarar da nake so, in canza na sama kawai? Kuma wani ya ce in sa injin ƙara ƙarfin ruwa in huta, wani kuma ya ce akwai asid da ake zubawa ya wanke cikin faif.

Mai Famfo Idi-Araba:

Madalla. Asid kam a'a, tsatsar nan da kake gani a wasu wuraren ita ce ta toshe hujin da ke jikin faif ɗin, ka wanke ta ka buɗe yoyo goma a cikin bango, ga shi ruwan da za ku sha ne. Injin ƙara ƙarfi ma kar ka ɗora shi a kan tsohon ƙarfe, inda ya fi rauni zai nema ya fasa, in kana so sai bayan an canza.

Canza na sama, tun daga gindin tanki, kuma ka bi shawarar Bakano a bi ta waje. A sauko da inci 1 daga tanki, a raba da inci uku bisa huɗu, rabin inci sai a bakin famfo kawai, da yawa rabin inci suke ja tun daga sama don arha shi yasa sabon aiki ma ruwa ba ƙarfi. Kowane banɗaki da kicin a sa masa bawul ɗinsa. Na ƙasa ka bar shi amma a ajiye masa ti, wato mahaɗi mai baki uku, da murfi a sabon layin, ranar da ya gaza haɗawa kawai za a yi, don maganar Bakano gaskiya ce lokacinsa na zuwa.

Kayan ka je da fulamban ku saya tare, in za ka iya shiga Orile wajen Coker akwai zaɓi, ka duba kaurin faif ɗin da rubutun jikinsa, kar a haɗa maka da siririn PVC na ruwan datti a layin tanki. Wajen haɗa PPR ka tsaya a kansu, in suka bar shi ya daɗe a kan injin zafi robar na narkewa ta toshe ramin daga ciki, ka ɗauki guda ɗaya da suka haɗa ka leƙa ka ga rami a buɗe yake. Kafin ka biya cikon kuɗi a toshe bakunan a ɗaura famfon gwaji na hannu mai agogo, a matsa a bar shi, in allura ta sauka akwai inda ke yoyo.

Sannan ka kira mai gyaran wuta kafin a yanke tsohon ƙarfen. Gidajen da wasu a jikin faif ɗin ruwa aka ɗaure wayar at ɗinsu, wato wadda ke kai wuta ƙasa in an samu matsala don kar ta ja mutum, in aka maye shi da roba gidan ya zauna babu at, ga hita ga sumo, sai a kafa masa rodin at nasa daban.

Birkila Alaba Rago:

Bangon kuma kar ka yi saurin shafa fenti Alhaji, zai sake ɓarewa. A kankare filastar har ta ɗan wuce inda layin ya tsaya, a bar bulo ya sha iska, ka jira hunturu in za ka iya, sannan a yi sabuwa da maganin hana ruwa a cikin simintin. Ka duba waje kuma ko ƙasar tsakar gida ko ta lungu ta fi daɓen ɗakin tsayi, don yawanci an yi ta ciko ana gudun ambaliya har ƙasa ta hau jikin bango, in haka ne a ja ta baya a yi wa ruwan sama hanya zuwa kwata. Tunda tsohon layin nan kusa da get ya daɗe yana zuba a ƙasa, ɗakin ɗan hayar ta wajen get ɗin yake ko ta baya?